Na Karanta Takardar Gwajina a Juye

Ranar wata Alhamis da la'asar na karɓo sakamakon gwajin jinina na farko, likitar da ta tura ni kuwa ba za ta sake zama ba sai Litinin. Yaron da ke ɗakin gwajin ya miƙo mini ambulan a liƙe, ya ce, "Hajiya, ki kai wa likitarki." Ban ma kai bakin titi ba na farke shi. A cikin Adaidaita Sahu na warware takardar, iska tana neman fizge ta, na danne ta a cinyata da jaka.

Layi uku ne kacal. Na farko TSH, 38.6, da harafin H a gefensa, wato ya haura iyaka. Na biyu FT4, 6.1, da harafin L, wato ya gaza iyaka. Na uku FT3, 2.9, shi ma L. A ƙarshen kowane layi an buga lambobi biyu masu nuna iyakar lafiya: na TSH daga 0.27 zuwa 4.2, na FT4 daga 12 zuwa 22, na FT3 daga 3.1 zuwa 6.8.

Lissafi nake koyarwa a firamare, don haka a kan babbar lambar idona ya fara sauka. 38, a inda bai kamata a wuce 4 ba. Nan take na yanke cewa tairod ɗina, 'yar halittar gaban wuya da aka tura ni gwajinta, aiki ne ya yi masa yawa, ya ninka ƙa'ida har sau tara. Da dare bayan yara sun kwanta na ɗauki waya na shiga neman bayanin tairod mai yawan aiki. Abin da na tarar shi ne rama, jin zafi, gumi, bugun zuciya, rawar hannu, idanu su firfito. Ko ɗaya babu a jikina. Ni ƙiba nake yi, sanyi nake ji, barci ba ya isata. Sai wani tunanin ya shigo, cewa an musanya jinina da na wata, kuɗina sun tafi a banza. Kwana huɗu na yi cikin wannan zullumi.

Bari in ɗan koma baya. A watan Nuwamba na haifi ɗana na huɗu lafiya ƙalau, na yi arba'in a gidanmu. Watannin farko wani irin kuzari nake ji, barci kaɗan, zuciya tana ɗan dukan ƙirji, na ce hidimar jariri ce. Da bazara ta kama sai al'amari ya juya. Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san ba lokacin rigar sanyi ba ne, amma ni da suwaita nake zama a ofishin malamai ina roƙon a rage fanka. In tashi da asuba jikina kamar an daka ni a turmi. Fatar ƙwaurina ta bushe ta yi furu-furu, komai man da na shafa mata. Sai in kwana uku ban zagaya ba. Zobena ya ƙi fita daga yatsa. Muryata ta yi kauri, har Inna ta ce mini a waya, "Ke, mura kike yi ne?" Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mantuwa. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, sai in rasa inda na tsaya a lissafin da na shekara goma ina koyarwa, yara sun zuba mini ido.

Mai kitsona ce ta fara cewa wannan ya wuce jego. Tana taje mini kai sai ta dakata, ta miƙo matajin ta gefen kafaɗata. Cike yake dam da gashi. Ta ce, "Anti, na san gashin mai jego yana zuba, amma naki har gefen girarki ya soma. Don Allah ki je asibiti."

Kafin nan an yi mini maganin taifot sau biyu, na zazzaɓin cizon sauro sau uku, an ɗora ni a kan maganin ƙarin jini. Surukata ta ce wankan jego ne bai ratsa ni ba. Kowa da kyakkyawar niyya ya faɗi nasa. Likitar da na gani daga ƙarshe ita ce ta tashi daga kujerarta ta zagayo bayana, ta ɗora yatsunta a gaban wuyana, ƙasa da zakaran wuya, ta sa aka ba ni ruwa ta ce in haɗiya. Sannan ta rubuta gwajin.

Ranar Litinin na shimfiɗa mata takardar, na zayyane mata duk abin da na raya a raina. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, jininki ne, ba a musanya ba. Lambobin kin gan su daidai, fassarar ce ta juye miki. TSH ba tairod ne yake yin sa ba."

Wannan magana ɗaya ita ce mabuɗin takardar duka. Tairod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai, nauyinta kimanin giram 20. Aikin tairod shi ne ya ɗauki sinadarin aidin daga jini ya haɗa sinadarai biyu, T4 da T3. Lambobin 4 da 3 adadin ƙwayoyin aidin ne da ke maƙale a jikin kowanne. Su ne ke tsara saurin da jiki yake aiki: ɗuminsa, bugun zuciya, motsin hanji, kaifin tunani, har da jinin al'ada. TSH kuwa daga wani wuri dabam yake fitowa, wata 'yar halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba, a ƙasan ƙwaƙwalwa, ana ce mata fituwitari. Ita ce take auna yawan T4 da T3 a jini, ta aika da TSH a matsayin umarni.

A hanyar komawa gida na mayar da bayanin zuwa abin da na sani. Kun san gidan biki idan an ɗora manyan tukwane. Akwai uwar tuwo, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ba ta taɓa itace, idonta kawai ke kan tukunya. Akwai kuma yarinyar da aka sa iza wuta. Idan wuta tana ci daidai, jefi-jefi za ka ji uwar tuwo ta ce a ɗan gyara itacen nan. Idan wuta ta soma mutuwa sai murya ta tashi: "Ke! Iza wutar nan mana!" Yarinya ta kasa, ihu ya ƙaru, har maƙwabta su jiyo. Idan kuwa wuta ta yi yawa, tuwo yana neman kamawa, uwar tuwo ba za ta sake cewa a iza ba, sai ta yi gum. To TSH muryar uwar tuwo ce, T4 da T3 su ne wutar. 38 ɗin da na gani ihu ne, kuma ana ihun ne saboda wutata ta kusa mutuwa. Layi na biyu da na tsallake, mai 6.1 da harafin L, shi ne yake faɗa mini haka ƙarara.

Uwar tuwon nan kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan. T4 ya ɗan ja baya, ita ihunta ya ninka sau da yawa. Shi ya sa TSH yake riga sauran motsawa, shi ya sa kuma likitoci suke fara dubansa. Idan ya hau sama kuma FT4 ya faɗi ƙasa, tairod ya gaza, irin nawa ke nan. Idan ya faɗi warwas kuma FT4 ko FT3 ya hau, tairod ya zarce ƙa'ida.

Harafin F da ke gaban T4 ma yana da ma'ana. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 da ke yawo a jini a ɗaure yake jikin wasu sinadaran furotin masu dakonsa, ɗan ragowar da ke sake shi ne mai aiki, shi ne FT4. Wasu ɗakunan gwaji jimillar duka suke aunawa, su rubuta T4 ko TT4. Wannan jimillar tana hawa ga mai juna biyu da mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, ba tare da tairod ya yi laifin komai ba, don masu dakon ne suka ƙaru. T3 kuwa yawancinsa jiki ne yake samar da shi daga T4, a hanta da ƙoda da sauran sassa. T4 kamar tsabar dawa ce a buhu, jiki yana ɗiba yana kai niƙa daidai buƙata. Saboda haka a gazawar tairod FT3 yakan daɗe bai faɗi ba, kuma likitata ta ce kada in riƙa ɓata kuɗi a kansa duk zuwa. Na ji daɗin wannan shawara, don gwajin ba arha gare shi ba.

Ta ƙara mini gwaji ɗaya, na TPO, wanda ke duba ko garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar tairod. Ya fito sama sosai. Ta ce abu biyu ne ke iya yiwuwa. Akwai kumburin tairod da ke samun kimanin mace 1 cikin 20 a shekarar farko bayan haihuwa. Yakan fara da 'yan makonni na yawan aiki, wato kuzarin nan da bugun zuciyar da na ɗauka hidimar jariri ce, sannan ya faɗa gazawa. Da yawa suna warwarewa cikin shekara guda ko ɗaya da rabi, wasu kuma abin ya zauna musu. Akwai kuma cutar Hashimoto, mai sunan likitan Japan da ya bayyana ta a 1912, wadda ke cin tairod a hankali shekara da shekaru. Lokaci ne kawai zai bambance. Ni dai nawa ya zauna. Gwajin TPO kuma sau ɗaya ya wadatar, ba shi ake bi wajen daidaita magani ba.

Da na ji ana maganar wuya sai kakata ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta. Da maƙoƙo na tashi na gan ta, ƙato, tana rufe shi da mayafi, kuma a ƙauyensu ba ita kaɗai ba ce. Irin nasu yawanci ƙarancin aidin ne a abinci, tairod yana ta shan ihu babu kayan aiki, har ya kumbura. Tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishiri a Najeriya, kuma abin ya rage wannan masifa ƙwarai. Babban mutum maikrogiram 150 yake buƙata a rana, mai ciki 250. Sai dai aidin yana gudu daga gishirin da aka bari a buɗe cikin rana da laima, don haka na daina sayen na awo, na koma na leda, ina zuba shi a roba mai murfi. Amma nawa ciwon ba na ƙarancin aidin ba ne, kuma likita ta gargaɗe ni kada in nemi ƙarin aidin a kemis, don yawansa na iya dagula mai irin lalurata. Wani abin da ya kamata a sani: mutum yana iya samun maƙoƙo ko ƙullutu a wuya alhali gwajin jininsa lafiya lau. Jini aikin tairod yake nunawa. Sanin mene ne ƙullutun sai an yi hoton wuya, wani lokaci a tsiri ɗan abu da allura a duba.

Aka ɗora ni a kan tairoksin, 'yar farar ƙwaya ƙanƙanuwa, wadda T4 ne kawai irin wanda jikina ya gaza yi. Maikrogiram 50 na fara da shi. Bayan mako biyu na koma na ce a sake gwada ni, don na ƙagu in ga 38 ɗin nan ya sauka. Likita ta ce a'a, sai mako shida zuwa takwas. Na ji haushi a lokacin, amma dalilinta mai ƙarfi ne. Tairoksin yana daɗewa a jini, sai ya yi kamar kwana bakwai kafin rabinsa ya fita, don haka makonni yake ɗauka kafin ya taru ya tsaya wuri ɗaya. Ita ma fituwitari da ta yi watanni tana ihu ba rana ɗaya take sauke murya ba. Gwajin da aka yi da wuri lambar kan hanya zai ba ka, idan aka canza magani a kanta sai a yi ta gaba da baya.

Bayan mako bakwai TSH ya dawo 14. Aka mayar da ni 75. Bayan wasu makonni bakwai 6.8. Aka kai ni 100. A watan Disamba, wata shida da farawa, takarda ta nuna 2.1, FT4 kuma 16. Jikina ma a hankali ya dawo, ba tare ba. Sanyin ne ya fara tafiya, sai barci ya daidaita, sai kumburin fuska ya saɓe. Gashi shi ne na ƙarshe. Ƙibar kuwa kilo uku kawai ta ragu, yawancinsa ruwa ne, kuma gara mutum ya san haka tun farko don kada ya ce magani bai yi ba.

A nan ne na sayi ɗan littafi mai shafi arba'in, na ja layuka: kwanan wata, ɗakin gwaji, TSH, FT4, adadin maganin da nake sha, da yadda nake ji. Takardun kuma ina jera su a leda mai zif. Littafin nan ya yi mini rana sau biyu.

Na farko, bayan wata shida TSH ya koma 9.4 alhali ban fasa shan magani ko rana ɗaya ba. Likita ba ta yi saurin ƙara mini ba. Ta ce in faɗa mata yadda safiyata take tun daga tashi. Na ce ina sallar asuba, in haɗa wa yara kari, in zuba shayi da madara, in haɗiye tairoksin da maganin ƙarin jini tare don kada in manta. Ta ajiye biro. Ta ce maganin ƙarin jini, da na kalsiyam, da farin maganin nan na ƙwannafi, duk suna kama tairoksin a hanji su hana shi shiga jini, sai an raba su da awa huɗu. Madara, kofi da abincin waken suya irin su awara su ma suna rage shigarsa. Da ruwa zalla ake shan sa, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya. Laifina ne, an faɗa mini tun farko, da na ji sauƙi na yi sakaci. Na gyara, adadin magani bai canza ba, bayan mako takwas TSH ya dawo 2.6.

Na biyu, mun je Kaduna hutu, lokacin gwaji ya yi, na shiga wani ɗakin gwaji a can. FT4 ya fito 1.2. Gabana ya faɗi, don lokacin da nake kwance ma 6.1 ne. Sai na buɗe littafina na jera takardun biyu. Tsohuwar an rubuta pmol/L, sabuwar ng/dL, iyakarta kuma daga 0.8 zuwa 1.8. Ma'auni ne ya bambanta, kamar wani ya auna da mudu wani da tiya. Idan aka ninka ng/dL da kusan 12.9 sai a sami pmol/L, wato 1.2 ɗin nan 15 da 'yan kai ne. Tun daga ranar, kafin in kalli lambata sai na kalli ma'auni da iyakar da aka buga a takardar, don kowane inji da tasa iyakar. Ina kuma ƙoƙarin komawa wuri ɗaya, da safe, domin TSH yana hawa da dare ya sauka da rana. Ba a buƙatar zuwa da ciki babu komai, amma ranar gwaji sai an ɗebi jinin nake shan maganina, saboda FT4 yakan ɗan hau a 'yan awannin da ke biye da shansa.

Akwai wasu abubuwan da ke ruɗa sakamako. Ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu bayotin suna iya sa wasu injina su nuna TSH ƙasa, FT4 sama, kamar mai yawan aikin tairod. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan bayotin da gwajin jini a 2017. Abin takaici, mu masu zubar gashi mu ne muka fi sayensu. A dakatar da su aƙalla kwana biyu kafin gwaji, a kuma faɗa wa likita. Wanda yake kwance da zazzaɓi mai tsanani shi ma lambobinsa kan rikice, gara a jira ya miƙe.

Yayar maigidana ta zo mini da tata takardar hankali a tashe, TSH 6.3, FT4 kuma a tsakiyar iyaka. Wannan shi ne matakin da uwar tuwo ta ɗaga murya amma wuta tana ci. Likitanta bai ba ta magani ba, ya ce ta dawo bayan wata uku, ta ji kamar ya yi mata riƙon sakainar kashi. Na ce mata, "Yaya, daidai ya yi." Irin wannan ɗan hawan sau da yawa yakan sauka da kansa. Yawanci sai ya wuce 10, ko akwai alamomi masu ƙarfi, ko mace tana da ciki ko tana nema, sannan ake maganar magani. Tsofaffi ma TSH ɗinsu kan ɗan hau da shekaru ba tare da cuta ba. Shan tairoksin fiye da buƙata kuma ba wasa ba ne, yana rikita bugun zuciya, yana cin ƙashi. Da ta koma ya sauka zuwa 3.9.

Ciwon nan ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma yana bin dangi. Shekara biyu bayan nawa, ƙanwata ta soma ramewa alhali tana cin abinci kamar gara. Fanka ba ta isarta, hannunta yana rawa har shayi ya zube, abu kaɗan ta fashe da kuka ko faɗa. An fara cewa iska ce, wasu suka ce sammu, wasu kuma suna raɗe-raɗin da ba zan maimaita ba. Ranar da ta zo gidana na riƙe wuyan hannunta, jijiyar tana harbawa kamar ta wanda ya sha gudu, tafin hannun da ɗumi da danshi. Na ce gobe mu je. TSH ɗinta ya fito da alamar ƙasa da 0.01, FT4 kuma 48. Ta kalle ni ta ce, "Yaya, nawa ai babu ne ma gaba ɗaya." Na ce mata uwar tuwo ce ta yi shiru don wuta ta yi yawa. Wani gwajin garkuwar jiki mai suna TRAb ya tabbatar cutar Graves ce, mai sunan likitan Dublin da ya yi bayaninta a 1835. A nan ma garkuwar jiki ce, amma maimakon ta cinye tairod sai ta yi ta zuga shi.

An ɗora ta a kan kabimazol, maganin da ke rage aikin tairod. A nata ɓangaren karatun takarda ya sha bamban: FT4 ya sauko cikin makonni, TSH kuwa ya yi watanni a ƙasa bai motsa ba, don fituwitarin da aka daɗe da rufe wa baki ba ta saurin dawowa. A watannin farko FT4 da FT3 likita yake bi. An kuma yi mata kashedi ɗaya da na rubuta mata a bangon littafinta: duk ranar da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki suka zo mata, ta tsayar da maganin ta tafi a duba fararen ƙwayoyin jininta a ranar, kada ta ce maleriya ce ta wuce kemis. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yana iya kisa.

Akwai wuri ɗaya da misalin uwar tuwo yake da wata fuska, kuma na damu da shi saboda ya shafi matanmu. Idan uwar tuwon ce da kanta ba ta da lafiya fa? Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, fituwitarinta na iya lalacewa. Sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, gajiya ta yi mata katutu shekara da shekaru. Likitoci suna kiran wannan da sunan Sheehan. A takardarta FT4 yana ƙasa, amma TSH bai hau ba, yana iya zama cikin iyaka ko ƙasa. Wanda ya gwada TSH kaɗai zai ce mata lafiyarta ƙalau. A ƙasar da mata da yawa suke haihuwa a gida, jini ya ɓalle kafin a kai asibiti, ya kamata duk mai irin wannan tarihi ta faɗa wa likita da bakinta, ta nemi a haɗa da FT4.

Azumi shi ne ya fi ba ni wahalar tsarawa. Shekarar farko ina haɗiye ƙwayar tare da sahur, bayan salla TSH ya hau. Yanzu ina saita agogo minti arba'in kafin sahur, in sha da ruwa, in yi nafila, sannan in shiga kicin. Wata abokiyar aikina da dare take shan nata lokacin kwanciya, bayan awa uku da cin abinci na ƙarshe, kuma ya karɓe ta. Kowacce da likitanta ta tsara.

Maganar ciki kuwa likitata ta ja mini kunne tun kafin in tambaya. A watannin farko ɗan tayi da T4 na uwarsa kaɗai yake gina ƙwaƙwalwarsa, nasa tairod bai fara aiki ba. Mai shan tairoksin buƙatarta tana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabi, tun daga makonnin farko, kuma iyakar TSH ta mai ciki ta fi ta sauran mutane ƙasa, ba wadda aka buga a takarda ake bi ba. Ta ce ranar da na ga ɓatan wata, kada in jira ranar awo, kada kuma in ajiye magani don tsoron zai taɓa ciki, in zo wurinta kai tsaye.

Makon jiya ne na ga ɓatan watan. Na je da safe, aka ɗebi jini, na sha ƙwayata a bakin ɗakin gwajin da ruwan leda. TSH ya fito 3.4. Likita ta mayar da ni maikrogiram 125, ta ce yanzu duk mako huɗu za mu riƙa gwadawa har cikin ya kai rabi. Na rubuta a shafi na sha ɗaya na littafina, na kewaye ranar komawa da jan biro.